Maganin da Na Jira a Gar

Damina guda cur na yi ina zuwa Gar, tsohuwar tashar jirgin ƙasa, jiran wani magani da bai taɓa tasowa daga ko'ina ba. Masu zemijan, wato 'yan acaɓa, na bakin layinmu a unguwar Gema ta Paraku har sun daina tambayata inda za ni. Da sun ga na fito da mayafina mai ruwan goro, sai ɗayansu ya tayar da moto ya ce, "Hajiya, Gar ko?" In ce Gar.

Ni mutuniyar Jugu ce, a can aka binne cibiyata, a gidan jikokin fataken goro. Na yi lakwal, wato makarantar boko, daidai gwargwado, ina jin Faransanci, ina karanta takardar likita. Amma karatun da ya shiga jinina shi ne na littattafan soyayya, waɗanda 'yan kasuwa ke zuwa da su daga Kano cikin kwali ɗaya da turare da kwalli. Wata gwaggona ce ta koya mini Hausar boko don in riƙa karanta mata, sai abin ya kama ni fiye da ita. A cikin littattafan nan na koyi cewa kowane namijin kirki yana da amini guda wanda zai iya ba da ransa dominsa. A cikinsu kuma na ga cewa in ciwo ya kwantar da masoyi, can kusa da ƙarshe akwai wata allura da za ta zo daga ƙasar waje. Ban taɓa zama na ce na yarda da waɗannan abubuwa ba. Suna nan dai a ƙasan zuciyata kamar gishiri a miya.

Maigidana dillalin shanu ne. Bafulatani ba ya sayar da saniyarsa ga fuskar da bai sani ba. Kowane makiyayi yana da maigidansa a kara, wato kasuwar dabbobi, shi yake kawo wa shanunsa, a bakinsa ake ƙulla ciniki, kuma don yana zaune a wurin ne ake yarda a ɗora dabba a mota. Nawa yana cikin manyansu. Ba ya yawo cikin garke. Tabarma ake shimfiɗa masa a gindin itace, ya jingina, hiraminsa a wuya. Amininsa ne mai kai da komo: ya je ya ji tayin mai saye, ya dawo ya durƙusa ya raɗa masa a kunne, shi kuma ya ɗaga kai ko ya girgiza. Mutum zai iya wuni a kasuwar bai ji muryarsa ba.

Aminin nan tare suka tashi a unguwa ɗaya a Jugu. Shi ne babban abokin ango a bikinmu, shi ya sayi bakina ran da aka kai ni. Har furfura ta fara fito mini yana ce mini "amaryarmu", ni kuma ina ce masa "Babban aboki". Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan zo da nama a ƙunshe cikin takardar siminti, ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Amaryarmu, ga tsoka, kada ki ce mahautan Paraku ƙashi kawai suka sani." In ce, "Wanda ya kawo tsokar dai shi ne zai cinye rabinta." Ya yi dariya ya shige wurin abokinsa.

Maigidana a gida ma ba mai yawan magana ba ne. Amma yana da kalma biyu da ya ajiye mini ni kaɗai. In ya dawo daga tafiya, kafin ya cire takalmi, yakan tsaya a bakin ƙofar ɗaki ya ce a hankali, yadda ko maƙwabta ba za su ji ba, "Farin goro." A gidajenmu an san farin goro, shi ake tsamowa daga cikin huhu a ajiye wa babban baƙo. Tun ina amarya har na aurar da 'ya'yana mata bai daina ba. Na karanta kalaman soyayya shafi-shafi, ban ga waɗanda suka kai waɗannan biyun ba.

Abin ya faru a kasuwar ƙarshe kafin Layya, wadda ake ci can wajen Pelebina, bayan Jugu. Ita ce kasuwar shekara ga dillali. Ya tafi tun ana gobe, ya kwana a gidan yayansa a Jugu. Ni kuma ran dawowarsa na daka sakwara, na yi miyar gyaɗa da wagashi, cukun nan na Fulani, na turara ɗaki. Ana kiran magariba waya ta yi ƙara. Babban aboki ne.

"Amaryarmu, kada ki tsorata. Ki same mu a asibiti."

Na tarar da kamyo, babbar motar shanu, a bakin ƙofar asibitin, dabbobin suna ta kuka a baya, ana ciro maigidana daga gidan gaba. Hannunsa na dama yana lilo kamar ba nasa ba, bakinsa ya karkace. Idanunsa kuwa a buɗe, suna bin kowa. Da suka faɗo kaina sai suka tsaya. Leɓensa ya motsa, ya sake motsawa, babu abin da ya fito sai iska. Hiraminsa na wuyansa, ya yi ƙamas da wani farin abu da ya bushe, haka ma gemunsa. Na ɗauka amai ya yi a mota.

Likitar da ta karɓe mu yarinya ce siririya mai tabarau. Kafin ta taɓa shi ta yi tambaya da Faransanci: yaushe aka gan shi lafiya na ƙarshe? Ni ban sani ba, sai na juya. Babban aboki ya amsa da sauri.

"Yanzun nan, dakta. Muna dab da shigowa gari, yana cikin magana sai harshensa ya karye."

Aka shiga da shi ɗakin hoton kai. Da ta fito ta ja ni gefe ta ce gudan jini ne ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwarsa, daidai ɓangaren da magana take. Sannan ta rage murya ta ce, "Madam, abin da na gani a hoton nan bai yi kama da na yanzun nan ba." Na tuna har haushinta na ji. Mutumin da ya bar shanun Layya a bakin titi ya rungumo abokinsa, shi wannan yarinyar za ta ƙaryata? Na ce mata shi yake wurin, ba ita ba. Ta gyara tabarau ta koma wurinsa.

Mun yi Sallah a gadon asibiti. Bayan an sallame mu na dawo da shi gida, ƙafa tana ɗan ja, hannu ya ƙi, baki kuwa shiru. Yana jin duk abin da aka faɗa. In ya so magana sai goshinsa ya yi gumi, ya ce "ta, ta, ta", ya bugi katifa da hannun hagu ya juya fuska bango. Hiramin nan ban wanke shi ba. Na ninke shi na sa ƙarƙashin matashina, don shi ne abin da ke jikinsa a ranarsa ta ƙarshe yana cikakken mutum. Ni dai abu ɗaya nake roƙo. Hannun in ya ga dama ya zauna a haka. Ƙafar ma na yafe. Bakin nan nake so ya buɗe ko sau ɗaya ya kira ni.

Ana cikin haka wata ta turo wani bidiyo a zaurenmu na matan Jugu a waya. Wani Bature ne cikin farar riga, a bayansa hoton ƙwaƙwalwa, tsakiya ja, kewayen rawaya. Muryar tana bayani da Faransanci cewa ana gwajin wani sabon magani mai kare ƙwaƙwalwa bayan irin wannan ciwo. Na kalle shi har kuɗin wayata suka ƙare. Bayanin yana da tsawo, da manyan kalmomi, ni kuwa abu ɗaya kunnena ya riƙe: mai kare ƙwaƙwalwa. Na ji kamar na buɗe shafin da na daɗe ina jira.

Ran Juma'a na miƙa wa Babban aboki wayar a gaban maigidana. Ya kalla har ƙarshe. Sannan ya ɗaga kai ya dubi abokinsa, suka daɗe suna kallon juna. A lokacin na ɗauka tausayi ne.

"Wannan ai ba abin wahala ba ne, amaryarmu," in ji shi. "Akwai mutumina a bakin ruwa a Kwatano, ƙanensa a gidan magani yake aiki a Turai. Sai dai irin wannan ba ya son zafi. Cikin kula ake sa shi da ƙanƙara, a ba direban kamyo amintacce ya hau da shi."

"Allah, Babban aboki?"

"Na taɓa yi miki ƙarya? Ke dai kada ki gaya wa likitocin nan, ba sa son abin da bai bi ta hannunsu ba. Kuma kada in ga kin taɓa jakarki. Wannan nawa ne."

Na durƙusa har ƙasa na yi masa godiya. Ya ce in tashi, in tashi, ya fita da sauri ko abinci bai tsaya ci ba.

Ya ce in ya iso shi zai kawo mini har gida. Amma zaman gida ya gagare ni. Da na wanke maigida na ba shi koko, sai in bar shi da maƙwabciyata in tafi Gar. Akwai wata mai sayar da shinkafa da wake kusa da inda manyan motocin Kwatano ke tsayawa, ta ba ni gefen bencinta. Daga nan ina ganin tsohon layin dogo da ciyawa ta rufe, da direbobin Nijar kwance ƙarƙashin motocinsu suna dafa shayi, da 'yan dako suna gudu da buhuna in hadari ya haɗo. Duk kamyon da ya shigo sai na miƙe na leƙa gidan gaba ko zan ga kula. Sau ɗaya na ga wata shuɗiya a ƙafar direba, zuciyata ta buga har na dafa mota. Kifi ne.

A kan bencin nan na tsara komai. Za a yi masa allurar da hantsi, ina riƙe da hannunsa. Zai rufe ido kamar mai barci. Can sai ya buɗe, ya juyo, ya faɗa. Har leshin da zan sa ran nan na ware, na kai an yi masa guga na rataye. Mai shinkafa takan ce, "Hajiya, wannan saƙon naki daga Makka yake tahowa da ƙafa?" In yi murmushi kawai, don ina ganin ni na san abin da ba ta sani ba.

Kowace Juma'a da sabon labari. Jirgin ruwa bai sami wurin tsayawa ba. 'Yan duwan, wato kwastan, sun riƙe kayan. Ƙanƙarar ta narke, an mayar don a sake wani. Likitar ta rubuta a riƙa kai maigida wurin kine, masu motsa jiki da koyar da magana, amma Babban aboki ya ce kada a gajiyar da jikin kafin magani ya zo, ya same shi da sauran ƙarfi. Maganar ta yi mini ma'ana. Na rage kai shi.

Ruwa ya fara ja baya sa'ad da muka koma ganin likita. Ta duba shi, ta tambaya me ya sa ba a ganinmu a kine. Sai na ji ba zan iya ɓoyewa ba. Na ciro waya na nuna mata. Ta kalla kaɗan ta tsayar da shi a kan hoton nan mai launi biyu, ta jawo kujera ta zauna kusa da ni.

"Madam, kin ga jan nan? Wannan ya riga ya mutu. Rawayan da ke kewaye shi ne mai sauran rai, yana jiran jini. Magungunan da ake gwadawa, aikinsu su riƙe rawayan kada ya koma ja kafin hanyar jini ta buɗe. Abin sa'o'i ne, na ranar farko. Ba na watanni ba."

"To in an yi masa yanzu fa?"

"Yanzu babu rawaya. Abin da ya tsira ya tsira, shi za mu koya wa aiki. Kuma gwaji ne, madam. Da yawa irinsa sun yi kyau a jikin ɓeraye, da aka zo kan mutane ba su yi komai ba. Wannan ma ba a san ƙarshensa ba tukuna. Ba a sayar da shi a farmasi, ko a can. Wa ya ce zai kawo miki?"

Ban faɗa ba. Na ce, "Ai mu mun zo da wuri, dakta. Ko da wurin ma ba ku da shi."

"Ba mu da shi," ta ce. "Kuma ko kun zo da wuri ba zan rantse miki da ya warke ba. Amma akwai abubuwan da muke iya yi da wuri waɗanda ba ma iya yi a makare." Ta dube ni ta saman tabarau. "An ce mini kun zo da wuri."

Na koma gida ina tausayin Babban aboki. Na ce a raina mutumin Kwatano ne ya yaudare shi, bawan Allah yana can yana zuba dukiyarsa a rami. Har na fara shirya yadda zan gaya masa ba tare da ya ji kunya ba.

Kafin Juma'a ta zo aka yi sallama. Wata Bafulatana ce dattijuwa da ƙwarya a kai, daga wata ruga kusa da Pelebina. Ta zo Paraku wurin 'yarta da ta haihu, ta ce ba za ta koma ba sai ta duba maigidansu, don shi ke yi wa mijinta dillancin shanu tun suna da ƙuruciya. Ta kawo wagashi a ganye. Ta shiga ta gaishe shi, ta fito tana share ido da bakin zane, muka zauna a tsakar gida.

"Allah ya sawwaƙe, uwargida. Ni fa tun ran nan na ce wa abokinsa, wannan ba haƙori ba ne."

"Wace rana, Inna?"

"Ran kasuwar Layya mana. Rana ko zafi ba ta fara ba, nono ko rabi ban sayar ba. Na kai masa nasa kamar kullum, na tarar an jingina shi da itace, an ja masa hirami har hanci. Na gaishe shi bai amsa ba. Na ce to bari in ba shi da kaina. Na janye hiramin, sai na ga bakin ya koma gefe. Na sa masa ludayi, nonon ya bi gemu ya zube. Idonsa kuwa, uwargida, irin na saniyar da ta faɗa rijiya, tana ganinka ba ta da bakin kira."

Ta ci gaba, ita a ganinta labarin da na sani take maimaita mini.

"Sai abokin ya zo da gudu ya mayar da hiramin, ya ce haƙori ne ya kumbura masa, kada in tara masa mutane. Haka ya yi ta yi. Ya je wurin masu saye, ya dawo ya durƙusa ya sa baki a kunnensa, ya tashi ya ce maigida ya ce albarka, maigida ya ce a ƙara, maigida ya sallama. Har aka yi azahar, har aka loda shanu. Sannan suka kama shi su biyu kamar mai jin jiri suka sa a mota." Ta dube ni da kyau. "Af. Ba ki sani ba?"

Da ta tafi na shiga ɗaki na ɗaga matashi. Na buɗe hiramin na shinshina farin abin nan da na yi wata da watanni ina kwana a kansa. Tsamin nono ne.

Washegari na kira ƙaramar 'yata ta zo ta zauna da ubanta, na shiga motar Jugu. Ban yi nufin faɗa ba. Ƙara zan kai. Yayan maigidana shi ne babba a gidan, mu duka Yaya Babba muke ce masa, kuma na tabbata in ya ji abin da aka yi wa ƙanensa ƙasa za ta girgiza. Duk tsawon hanya ina kallon gonakin doya ina jera maganar a raina.

Na same shi a zaure ya kwance huhun goro, yana tsince masu tsutsa, yana yayyafa wa ganyen ruwa. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mai jiki. Na faɗa masa komai tiryan-tiryan. Hannunsa bai tsaya ba.

"Na sani," ya ce. "A ƙofar nan motar ta tsaya. Na hau na duba shi, na yi masa addu'a, na ce su wuce da shi Paraku."

"Yaya, asibitin Jugu fa? Ga shi nan kusa."

"In an sauke shi a nan, kafin dare duk rugagen yankin sun ji. Ga shanun mutane a mota ba a kai su ba. Kowa zai biyo nasa. Sunan da ya yi shekaru yana ginawa, a yini ɗaya zai rushe." Ya jefa wani goro cikin kwandon marasa kyau. "Ke 'yar gidan fatake ce, bai kamata a koya miki wannan ba. Kakanmu a hanyar Gwanja ciwo ya kama shi, shi ne madugu. Ɗaure shi aka yi a kan doki aka naɗa masa rawani, aka yi ta tafiya. Ayari ba ya jin madugu ya faɗi sai an sauka zango."

"Kakan naku ya tashi, Yaya?"

"A zangon aka binne shi. Amma goro ya iso, ba a taɓa ko jaki ɗaya ba."

Na ce, "To maganin fa? Shi ma kun sani?"

Sai a nan ya ɗago ya dube ni, kuma babu mugunta a fuskarsa, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan.

"Ya zo ya ce mini kin samo wani abu a waya kin ɗora rai a kai. Na ce ya bar ki da shi. Mace in ba ta da abin jira, tambaya take yi." Ya zaɓo goro ɗaya fari tas ya miƙo mini. "Ungo, ki kai masa."

Na karɓa da hannu biyu, don haka aka tarbiyyantar da ni. A tashar mota na ba wani makaho.

Juma'a ta zo. Na ji sallamarsa daga zaure, da ƙarar takardar siminti. "Amaryarmu, ga tsoka! Kuma akwai labari mai daɗi, an ce kayan sun fito daga hannun 'yan duwan." Na ce ya shigo ciki. Maigida na zaune a kan kujera, na sa masa matashi a gefen da ba ya aiki. Na jira ya zauna, sannan na ɗauko hiramin na ajiye masa a cinya.

"Ga kayan aikinka, Babban aboki. Ka manta shi a wuyan mijina."

Ya dubi hiramin. Ya ajiye naman a ƙasa a hankali.

"Na je Jugu," na ce. "Kafin nan kuma mai nono ta zo."

Na yi tsammanin zai musa, ko ya rantse, ko ya faɗi ya kama ƙafata. A littafi ɗaya daga cikin ukun ake yi. Shi kuwa sai ya sauke numfashi kamar wanda aka sauke wa kaya.

"Wannan magana mun yi ta da shi tun muna bin shanu da ƙafa," ya ce. "Duk wanda ya faɗi a kara, ɗayan ya tashi kasuwa tukuna. Shi ne ma ya fara kawo ta, ba ni ba. Kina ganin daɗi na ji? Duk durƙuson da na yi a kunnensa, ce masa nake yi ya yi haƙuri, saura kaɗan, saura kaɗan. Ga shi nan. Tambaye shi."

Na juya na durƙusa a gaban maigidana, na kama gwiwarsa. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa tsare shi da ido haka ba.

"Maigida, gaskiya ne? Da shi ne ya faɗi, kai ma haka za ka yi? Kuma duk zuwan da nake yi Gar, kana ji kana gani, ka san babu komai?"

Ya daɗe yana kallona. Idanunsa suka cika. Sannan ya ɗaga kai sama ya sauke, irin ɗagawar da yake yi a gindin itace in ya yarda da ciniki. Goshinsa ya fara gumi, leɓensa na rawa, wuyansa ya ɗaure. Na gane magana ce ke zuwa. Na riƙe numfashi. Na ce a raina, ga ta nan, ba da allura ba, ba da leshi ba, amma ga ta nan.

Hannunsa na hagu ya tashi, ya wuce ta saman kafaɗata. Kalmar ta fito a karye amma cikakkiya, ta farko tun ran kasuwar Layya. Sunan wasa ne, wanda yake kiran abokinsa da shi tun suna yara a Jugu.

Babban aboki ya kama hannun ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Ni kuwa na tashi daga tsakaninsu na fita. Wutar murhu ta kusa mutuwa, na tura itace. Naman nan ban dafa ba, maƙwabciya na aika wa.

Har yanzu yana zuwa ran Juma'a. Ban hana shi ba, gidan ba nawa ba ne, kuma mai gidan yana haske in ya gan shi. In ya yi sallama nakan amsa daga madafa. Ya daina ce mini amaryarmu, ni ma ban sake kiransa da komai ba. Leshin na ba ƙaramar 'yata. Bidiyon yana nan a wayata, wani lokaci nakan buɗe in tsayar da shi a kan rawayan nan, in yi ta lissafin inda rana take a sama sa'ad da na maigidana yake komawa ja, a gindin itace, ana cinikin bijimai a kansa. Ina yi wa masu gwajin nan fatan su dace. Wata rana wata mata za a kawo mata mijinta da wuri.

Masu zemijan yanzu cewa suke yi, "Hajiya, asibiti ko?" Kullum da safe muke zuwa kine, ina riƙe da shi ta baya. Mai koya masa magana ta ce an yi asarar lokaci, amma ba duka ba. Ta koya mini dabara: in fara masa kalma, shi ya ƙarasa. In ce "ru", ya ce ruwa. In ce "tu", ya ce tuwo. Ya iya salla, ya iya sannu, ya iya saniya. Ta ce duk kalmar da nake so ya dawo da ita, in riƙa fara masa ita kullum, za ta zo.

Wani lokaci in na shigo ɗaki da kwano, sai in ga ya bi ni da ido, haƙoransa na sama sun sauka a kan leɓensa na ƙasa kamar mai neman "fa", yana jira in ba shi farkon. Nakan ajiye kwanon in gyara masa matashi. Waccan ta bakin ƙofa ban fara masa ba.